Makulli a Aljihun Mutum Ɗaya

An kawo sababbin kwamfutoci makarantarmu, an kafa na'urar Wi-Fi, amma kalmar sirrin shiga tana aljihun mutum ɗaya. Malami ya kunna sabuwar kwamfuta, ta nemi kalmar sirri, sai a ce mai ita ya tafi taro. Ƙarshenta malamin ya sayi data daga albashin da ba ya kai wata.

Kulle hanya daidai ne, domin kada baƙo ya kutsa. Amma malami ba baƙo ba ne. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Da me za mu shirya ɗalibanmu? 'Yan uwa, a taron reshe mai zuwa mu tsaya kai da fata: a ware wa malamai hanyarsu, a damƙa musu makullinta.