Wa Zai Ɗaura Maka Aure?

 

Ya 'yan uwana matasa, idan aure ya ƙarato za ka tarar da saurayi ya san telan da zai ɗinka masa babbar riga, ya san mai ɗaukar hoto, ya biya kuɗin zauren biki tun wata biyu kafin ranar. Amma tambaye shi wanda zai jagoranci ɗaurin auren. Ko dai ya ce maka wannan aikin manya ne, ko kuma ya ambaci wani shahararren malami da yake son a buga sunansa a katin gayyata. A ganina duka amsoshin biyu akwai sakaci a cikinsu.

Da farko mu sani cewa malami ba ya cikin rukunan aure. A mazhabar Imam Malik, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, aure yana tsayuwa ne da waliyyi, da sadaki, da ango da amarya waɗanda babu abin da ya hana su auren juna, da kuma siga, wato lafazin nema da bayarwa. Sannan a samu shaidu biyu adilai kafin tarewa. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya ce ya bayar, a faɗi sadaki lakadan ne ko ajalan, jama'a su shaida, aure ya ɗauru. Huɗuba da addu'a mustahabbi ne. Saboda haka girman sunan malami ba ya ƙara wa igiya ƙarfi, kuma limamin unguwa ba ya rage mata komai.

To mene ne amfaninsa? Shi ne mutum na ƙarshe da zai iya cewa a dakata. A wannan rana kowa gaggawa yake yi: iyaye sun kashe kuɗi, baƙi sun zo daga nesa, goro da alewa na jiran rabo, sanƙira ya matsu ya yi shela. Mutum ɗaya tak ake sa ran zai natsu ya yi tambayoyin da babu mai son ji. Shin wannan da ya zauna a matsayin waliyyi shi ne ya cancanta, ko akwai wanda ya fi shi kusa da aka tsallake don wata rigimar gida? In bazawara ce, yaushe iddarta ta cika, kuma ta furta yardarta da bakinta? Babu shayarwa tsakanin ango da amarya?

Waɗannan ba tambayoyin neman fitina ba ne. A cikin Sahihul Bukhari akwai labarin Khansa'u bint Khidam, wadda mahaifinta ya aurar da ita tana bazawara alhali ba ta so, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Akwai kuma na Uƙbatu bin Haris, da wata mata ta zo ta ce ta shayar da shi da matarsa, ya rabu da ita. Muwaɗɗa ta kawo yadda Sayyidina Umar (RA) ya raba auren da aka ɗaura cikin idda, kuma a wajen Malikiyya in har an sadu a irin wannan aure, matar ta haramta ga mijin har abada. Ku duba nauyin abin da tambaya ɗaya kafin a shafa Fatiha za ta iya karewa. Baƙon malami da aka ɗauko a mota, wanda bai san gidajen biyu ba, kuma ana jiran sa a wani ɗaurin auren ƙarfe goma sha ɗaya, ta yaya zai gano waɗannan? Limamin da ya raɗa wa yarinyar suna ya fi shi sanin wadda ta goye ta.

Zamani ma ya ƙara wa mai ɗaurin aure aiki. A shekarar 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na ƙanjamau, da ciwon hanta, da rukunin jini na gado. Masu AS biyu in suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Malamin da ya ce sai ya ga takarda da idonsa ba tawakkali ya rasa ba, amana ya riƙe. Haka 'yan uwanmu da karatu ko aiki ya kai Ingila: a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta yanke cewa auren Musulunci da aka ɗaura ba tare da cika ƙa'idojin dokar aure ta ƙasar ba, ba aure ba ne a idon doka, kuma yawanci mace ce ke kwana ciki ranar rabuwa. Wanda ke can ya tambayi limami tun da wuri ko masallacinsa yana da rajistar ɗaura aure.

Saura maganar kuɗi, wadda muke jin kunyar yi a fili. Ba na ganin laifi a ba malami abin hannu. Ya bar hidimarsa ya zo, ya yi bincike, wataƙila shi za a koma wa gobe in an sami saɓani. Abin kunya ne a biya makaɗi dubbai, shi kuwa a sallame shi da ƙwaryar goro da "Allah ya saka". Amma ina tsoron wanda yake yanka farashi kamar mai hayar rumfa, domin wanda aka biya don ya zo ya ɗaura, da wuya ya iya buɗe baki ya ce wannan aure ba zai ɗauru yau ba. Shi ya sa na fi son a kai masa alherinsa gida tun kafin ranar, a matsayin kyauta, ba a haɗa shi da kammala aiki ba.

Na san a al'adarmu ɗaurin aure a hannun dangin amarya yake, kuma ba tarbiyya ba ce ango ya tsaya yana zaɓar wa surukai limami. Ba na ce ka yi haka ba. Amma kana da wakili. Ka roƙi baffanka ko kawunka ya je ya gaida limamin da suka tsayar mako guda kafin ranar, ya kai masa takardar gwaji, ya faɗa masa sadakin da aka yanka da sunan waliyyi, in akwai wata tsohuwar magana ta shayarwa ko ta idda a warware ta a zaure, ba a gaban taro ba. Ke ma 'yar uwa, in akwai abin da ke ranki, wannan makon ne lokacin aika gwaggonki ta sanar da shi.

Wassalamu alaikum.