Sayen mako a otel: cinikin da ba ya son a kwana a kansa

Da watan Yuli ya kama, otel-otel na bakin teku a Sifaniya da tsibiran Kanariya da jihar Florida ta Amurka kan cika maƙil da masu hutu. A cikinsu yanzu ana samun ƴan Nijar mazauna Faransa da Beljiyam da Amurka, waɗanda takardunsu suka fito, aiki ya zauna, har suka fara iya fita da iyali na ƴan kwanaki. A irin waɗannan wurare ne ake tallar wani ciniki da ya daɗe yana cin aljihun Turawa, kuma baƙon da bai taɓa jin labarinsa ba shi ya fi saurin faɗawa.

Masu jin Ingilishi na kiransa taimshiya. A Hausance, sayen mako ne. Mutum ya biya kuɗi mai kauri, a ba shi ikon kwana a wani ɗakin otel ko gidan hutu mako guda a kowace shekara, na tsawon shekaru masu yawa. Ɗaki ɗaya, masu shi na iya kai 50, kowa da makonsa. An fara abin a shekarun 1960 a Suwizalan da tsaunukan Alfus na Faransa, kuma doka ba ta hana shi ba. Akwai ma waɗanda suka saya suna jin daɗin abinsu. Sai dai hajar da ke da kyau ba ta bukatar a tsare mai saye a ɗaki sa'o'i huɗu kafin ya amince, kuma a nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya.

Da farko, me aka saya? A Faransa, dokar 6 ga Janairun 1986 ta fayyace cewa mai sayen mako ba mai gida ba ne. Hannun jari yake da shi a kamfanin da ya mallaki ginin, don haka duk shekara sai ya biya kasonsa na gyara da shara da albashin ma'aikata, ya je ko bai je ba. A Amurka, alƙaluman ƙungiyar masu sana'ar da kansu sun nuna matsakaicin farashin saye ya kusa dalar Amurka 24,000, kuɗin kulawa na shekara kuma ya haura 1,000. A ɗauki misali mai sauƙi: wanda ya sayi mako a kan yuro 12,000, wato kusan miliyan 8 na sefa, yana kuma biyan yuro 600 a shekara, kimanin jikka 394. Cikin shekara 20, ko ba a ƙara masa ko dala ba, ya sake biyan wasu 12,000. Kowane mako ya tsaya masa a kan yuro 1,200 ke nan, ban da kuɗin jirgi da abinci. Kuma kuɗin kulawar ba ya tsayawa wuri ɗaya, hawa yake yi, kuma ba mai sayen ke yanke shi ba.

Wannan lissafi ba ya ɗaukar minti biyar. Dukan dabarar masu tallar ita ce hana mutum samun waɗannan mintoci biyar.

Abin kan fara a titi. Wani matashi mai fara'a ya miƙa wa miji da mata katin kankarewa, su kankare, sai ga kyauta: waya, ko kwana bakwai a otel. Ba su san cewa kusan kowane kati yana ci ba. Karɓar kyautar kuwa sai an je ofis, ga taksi kyauta, bayanin kuma, in ji shi, ba ya wuce awa ɗaya da rabi. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Ana nacewa miji ya zo da matarsa, don kada wani ya ce sai ya koma ya yi shawara da iyali. A can za a zagaya da su ɗaki mafi kyau, a ba yara lemo, a tambaye su nawa suke kashewa a hutu, a ninka kuɗin sau 30 a kan takarda har ya zama abin tsoro. Sannan a faɗi farashi. Idan mutum ya ce ya yi yawa, mai tallar ya tashi ya kira shugabansa, shi kuma ya zo da ragi na musamman wanda, a cewarsa, yau kaɗai yake aiki. Idan aka ƙi, na uku ya zo. A teburin da ke kusa ana tafi, ana taya wasu murnar sun saya. Ga yunwa, ga gajiya, yara na kuka, ga otel ɗinsu da nisa tunda a motar kamfanin aka kawo su. Da yawa suna sa hannu ne don kawai a bar su su tafi.

Ga ɗan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, tarkon yana da ƙarin igiya. An rene shi a kan cewa wanda ya ba ka ruwa, ya zauna da kai, ya yi wasa da ɗanka, ba a tashi a bar shi haka nan. Kunya da kara halaye ne masu kyau a zaure, amma a ɗakin talla su ne ƙofar da ake shiga. Mai tallar ba mai masauki ba ne, kamasho yake jira, kuma lemon da ya bayar yana cikin lissafin kamfani. Ga kuma wani rauni da ba a cika faɗa ba: wanda ya sha wuyar ƙasar waje shekara goma yana son abin da zai nuna ya isa. Jin an ce ya mallaki wuri a bakin teku a Sifaniya yana da daɗi, kuma masu tallar sun san haka sarai. Matasan da ke gida ma ba baƙi ba ne ga salon. Duk wanda aka taɓa gayyata wani zaure a Yamai don jin wata “babbar dama”, aka yi ta tafi, aka ce ya kawo kuɗin shiga kafin gobe kuma kada ya gaya wa iyayensa, ya ga ƙanin wannan dabara.

Ko da cinikin na gaskiya ne, da wuya ya dace da rayuwar ɗan Nijar mazaunin waje. Hutunsa na gaske gida ne. Makon da aka sayar masa yana bin kalandar Turawa, misali mako na 32 a farkon Agusta, alhali Sallah na matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, biki da rasuwa kuwa ba su da kalanda. Shekarar da ya zaɓi zuwa ganin mahaifiyarsa, makon ya tafi a banza, takardar biyan kuɗi kuma ba ta fasa zuwa. Ana cewa za a iya musanya makon da wani wuri, amma musanyar ma da kuɗinta, kuma sai in akwai gurbi. Wanda ke zaune a Nijar kuwa ya sani cewa sayen mako ba ya ba da biza, balle takardar zama.

Fita ita ce babbar wahala. Masu son sayarwa sun ninka masu son saye, har a shafin eBay ana ganin makonnin da aka sa wa farashin dalar Amurka ɗaya, mai shi na neman wanda zai sauke masa kayan kawai. Wasu kwantiragin ma ba su da ranar ƙarewa. Dokar Sifaniya ta 1998 ta ƙayyade shekara 50, kuma a Janairun 2015 kotun ƙolin ƙasar ta soke wani kwantiragi na har abada da aka ƙulla a tsibirin Gran Kanariya, abin da ya buɗe ƙofar ƙararraki masu yawa. A Faransa nauyin kan faɗa kan magada, sai a 2014 doka ta ba magaji damar ficewa kai tsaye idan bai wuce shekara biyu da gādon ba.

A wannan gaɓa ce ƴan damfara na ainihi ke jira. Waya ta shigo, wani mai ladabi ya ce akwai attajirin da ke son sayen makon da farashi mai tsoka, sai dai a fara tura kuɗin haraji ko na takardu. A tura, a nemi wani. Bayan an gane an yi asara, sai wani ya kira a matsayin lauya ko jami'in gwamnati, ya ce zai ƙwato kuɗin, shi ma da ladansa. An gudu gara, an faɗa gidan zago. Hukumar FBI ta ce tsakanin 2019 da 2023 Amurkawa kusan 6,000 sun kai ƙarar asarar kusan dala miliyan 300 a irin wannan zamba daga Meziko, kuma tun 2023 Baitulmalin Amurka ke sa takunkumi kan mutane da kamfanonin da ta danganta da gungun masu fataucin ƙwayoyi na CJNG, wanda ke gudanar da harkar daga yankin Puerto Vallarta. Tun kafin su, a 2001, kotu a Landan ta ɗaure John Palmer shekara takwas saboda damfarar dubban masu hutu a Tenerife, da yawansu tsofaffi ƴan fansho. Sana'ar da masu ƙwaya suka ga ta cancanci shiga ba ƙaramar riba ke cikinta ba.

Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna waje, da ke iya tara kuɗin kai gawa gida cikin kwana biyu, ba za su kasa yaɗa wannan bayani a zaurukansu na WhatsApp kafin lokacin hutu ba. Musamman ma abin da doka ta tanada, domin masu tallar ba sa gaggawar faɗarsa. A ƙasashen Tarayyar Turai, ƙa'idar 2008/122 ta hana tallata sayen mako a matsayin zuba jari, ta wajabta a faɗi manufar taron tun a gayyata, ta kuma ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da faɗin dalili ko biyan tara ba. A cikin kwanakin nan haramun ne a karɓi ko kafin alƙalami, kuma dillalin sake sayarwa ba shi da ikon karɓar komai sai ciniki ya faɗa. Duk wanda ya nemi katin banki a ranar farko ya riga ya taka doka. A Florida wa'adin janyewa kwana 10 ne, a Meziko kwanakin aiki biyar.

Wanda ya riga ya sa hannu, kada ya tsaya kiran waya, domin a wayar ma wani mai daɗin baki zai ɗauka. Wasiƙa mai rajista ake aikawa, a ajiye rasit da kwafi. Idan kuma kamfanin bai ba shi takardar janyewa tare da kwantiragin ba, a Tarayyar Turai wa'adinsa yana kaiwa shekara ɗaya da kwana 14.