Akawal, Dokin Da Ba Shi Da Turke

Yau labarin doki na zo maku da shi. Kada wata ta ce me ya haɗa filin tarbiyya da barga, ku dai biyo ni.

Bayan kaka na je ƙauyenmu a ƙasar Dambatta gaishe da Yayana. Ina shiga gidan na tarar da ɗansa na fari, mai sunan mahaifinmu, ɗan shekara 9, a bayan rumbu yana shessheƙa. Mahaifiyarsa ta fita daga gidan shekara biyu ke nan, yana hannun matar uba. Na tambayi abin da ya faru, sai ta ce, "Hajiya, ƙarya ce ta yi masa yawa. Ya je makarantar allo yana gaya wa yara wai yana da doki a daji mai suna Akawal, wai cikin garke yake, babu mai shi. A ina aka taɓa ganin doki babu mai shi? Shi ne babansa ya zane shi."

Ban ga laifin tambayarta ba. Duk wadda ta san ƙasarmu, daga Ungogo zuwa Minjibir, Dambatta har Makoɗa, ta san babu sauran daji. Gona ce ke bin gona, sai ɗan siririn burtali a tsakani, sai gawo da ɗorawa jefi-jefi. Da damina ko akuya ba a bari ta yi yawo. Dokin da yaron nan ya sani shi ne na dagaci, kullum a turke da dabaibayi, ana kai masa harawa da dusa da kanwa, sai ranar hawan Sallah a ɗaura masa sirdi. Daga baya na gano inda abin ya samo asali: a wayar wani ƙanin babansa ya kalli fim ɗin zane na yara mai suna Spirit, wanda kamfanin DreamWorks na Amurka ya fitar a 2002, labarin wani ingarma na dawa da sojoji suka kama. Yaro ba ya jin Turanci, dawakan fim ɗin ma haniniya kawai suke yi, don haka sauran labarin shi ya cike da kansa.

Da daddare na shimfiɗa tabarma na kira shi. Na ce, "Babana, zo ka ba ni labarin Akawal." Ya daɗe yana kallona, yana jiran ya ga ko tarko ne. Can dai ya fara.

Wai Akawal ɗan dukushi ne, baƙi wuluk, da ɗan fari a goshi. Uwarsa ce ke gaba idan garke zai tafi tafki, domin ita ta san hanya. Rannan sai wasu mutane suka zo da igiya suka kama ta, suka sa ta a mota. Sai wata goɗiya ta zo. Yanzu idan an je tafki ɗanta ne ke fara sha, Akawal sai ya jira har ruwa ya gurɓace. Na ce, "To ina ingarman garken?" Ya ce, "Gwaggo, ai yana kan tudu yana gadin kura, ba ya ganin abin da ake yi a bakin ruwa." Na ce, "Me Akawal zai yi?" Ya ce idan ya girma zai bi sawun motar.

'Yan uwa, duk wannan babu shi a fim ɗin. Da kyar na riƙe hawayena. Shekara biyu muna tambayar yaron nan yaya gida, yana cewa lafiya lau. Ashe amsar tana bakin doki.

Wani abin kuma, dokin da babu mai shi akwai shi a duniya. A yammacin Amurka har yanzu akwai garkunan dawakan dawa, jikokin waɗanda Sifaniyawa suka kai ƙasar tun ƙarni na 16, har a 1971 aka yi dokar kare su. A hamadar Namibiya ma akwai. Masu lura da su sun ce garke yakan ƙunshi ingarma ɗaya da 'yan goɗiyoyi da 'ya'yansu, kuma sau da yawa babbar goɗiya ce ke jan gaba zuwa ruwa da kiwo, ingarma yana baya yana tsaro. Ko a nan ɗin ma yaro bai kauce ba.

Amma ba a kan wannan na tsaya da Yaya ba. Washegari da ya dawo masallaci na kai masa koko da kaina, na ce, "Yaya, yaron nan wa ya cuta da labarin dokinsa? Kuɗin wa ya ci? Wa ya yi wa ƙazafi?" Ƙarya ita ce yaro ya ɓarar da manja ya ce kaza ce, ko ya cinye canjin aike ya ce faɗuwa ya yi. Wannan kam a tsawata masa, ni ma ina tsawata wa nawa. Amma mu da muka tashi muna sauraron Gizo da Ƙoƙi a ɗakin kakarmu, ba mu taɓa cewa tsohuwa maƙaryaciya ce ba. Abin da yaro ɗan shekara 9 bai iya ba shi ne ya ce "ga ta nan ga ta nanku" kafin ya fara. Wannan koya masa ake yi, ba da tsumagiya ba.

Na kuma tuna masa abin da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya dawo daga wani yaƙi, iska ta yaye labule, ya ga kayan wasan Nana A'isha (RA), a cikinsu har da doki mai fukafukai na ƙyalle. Da ya tambaye ta yadda aka yi doki ya yi fukafukai, ta kafa hujja da dawakan Annabi Sulaimanu (AS), shi kuwa ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, "To me dokin nasa ya ce?" Na gaya masa, har da maganar tudu. Kokon nan har ya huce bai sha ba.

Ita matar tasa ban je mata da faɗa ba, kuma ina roƙon duk wadda ta samu kanta a irin matsayina kada ta yi. Yarinya ce, da goyo a baya da wani a hannu, ga surfe ga ɗiban ruwa, idan ta fara zuba wa nata abinci ba lallai da mugunta ba ne, mai kuka ake fara sallama. Sai dai shi wanda ba ya kuka yana ƙirgawa. Na ba ta labarin tafkin kamar yadda na ji shi, ban ƙara ko gishiri ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Hajiya ban san yana lura ba." Muka shirya za a riƙa zuba masu a kwano ɗaya da ƙaninsa, Yaya kuma ya yarda duk ƙarshen wata a kai shi ya kwana biyu wajen mahaifiyarsa, abin da a da ko zancensa ba ya so.

Kafin in taho na saya masa littafin rubutu da biro, na ce duk abin da Akawal ya yi ya rubuta mini, da boko ko da ajami, wanda ya fi masa sauƙi. A saman shafin farko na rubuta masa "Tatsuniya" da manyan baƙaƙe, yadda ko wa ya ɗauka zai san abin da ke ciki.

Makon jiya direban motar garinmu ya kawo mini shafi uku a ninke. Akawal ya ga uwarsa a wani tafki mai nisa, sun kwana biyu tare, ya dawo garke. Sabuwar goɗiyar ta matsa masa wuri a bakin ruwa, ko da yake rannan ta ɗan cije shi a kunne. Ingarma kuwa har yanzu yana kan tudu, amma wai yanzu yakan waiwayo.