Teku Ba Gonar Kowa Ba Ce

Washegarin ƙaramar Sallah, cikin zafin nan na Legas da ke jiƙa riga tun da hantsi, na kwashi iyalina daga Agege muka nufi bakin teku a Lekki. A ƙofa aka ƙirga kawunanmu, har da autata 'yar shekara huɗu. Aka karɓi kuɗin shiga, aka karɓi na ajiye mota, sannan aka ce kular abincin da uwargida ta dafo ita ma sai an biya mata. A gefenmu wani magidanci ya tsaya yana lissafi da yatsu. Da lissafin ya ƙi fita, ya juya da 'ya'yansa uku cikin kayansu na Sallah. Ƙaraminsu yana jan rigarsa yana cewa, "Baba, ga ruwan can fa, ina jin ƙararsa."

Duk wanda na ba wannan labari amsarsa ɗaya ce: ai gara haka. Wai kuɗin ƙofa ne ke tace mutane, ya kori 'yan iska, ya rage cunkoso da ƙazanta. Wannan magana ta zauna a bakin 'yan boko da 'yan kasuwa har ta zama kamar karatu. Ni kuwa ban yarda ba, kuma ina ganin zalunci ne aka ɗinka wa rigar ci gaba.

Wanda ya san Legas kafin shekarar 2008 ya san Bar Beach, a gefen titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island. Nan ne dandalin gari. Masu fararen riguna na cocin Aladura suna addu'a a gefe guda, mai tsire yana fifita wuta, samarinmu na Arewa suna ɗora yara a kan doki, ɗan dako da babban ma'aikaci suna taka yashi ɗaya. Ko a 1971, da gwamnatin soja ta so duk gari ya shaida harbe ɗan fashin nan Ishola Oyenusi, nan ta kai shi, domin ta san nan jama'a suke.

Gaskiya ne ruwa ya yi ta cin wannan gaɓa. Duwatsun da Turawan mulkin mallaka suka jera a mashigar tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20 sun tare yashin da igiya ke kawowa daga yamma, sai teku ya riƙa zaizayar Bar Beach har yana hawa kan titi. Magani ya zama dole. Amma wane magani aka kawo? Aka gina katangar duwatsu mai tsawon kimanin kilomita takwas, aka cike bayanta da yashi, aka kira wurin Eko Atlantic, aka yanka filaye ga masu hannu da shuni. An ceci titin, an ƙwace gaɓar, kuma ba a ba talaka wata a madadinta ba.

Haka aka ci gaba. Bayan ambaliyar watan Agusta na 2012 aka rushe rumfunan gaɓar Kuramo. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna gaɓar Tarkwa Bay, bisa hujjar fasa bututun mai. Da aka rushe wani sashe na wurin shaƙatawar bakin teku na Landmark a watan Afrilun 2024 don hanyar Legas zuwa Kalaba, kafafen labarai suka ɗauki kuka na makonni, saboda wannan karon jarin manya aka taɓa. Wa ya yi irin wannan kuka domin yaron da ba shi da inda zai jiƙa ƙafa?

Masu kare kuɗin ƙofa suna cewa tekun Legas na da haɗari. Haka ne, igiyarsa tana ja da ƙarfi, kuma ta ci rayuka. Sai dai abin da ke ceton rai shi ne gwanin iyo da ke zaune a kan hasumiya yana sa ido, da jar tuta da ke nuna inda ba a shiga. Abin da ke kawar da ƙazanta kuwa shi ne kwandon shara da banɗaki da masu share wuri. Waɗannan aikin gwamnati ne, kuma saboda irinsu ake karɓar haraji daga mai shago a Mile 12 da direban danfo.

Suna kuma cewa wurin kyauta matattarar lalata ne, har wasu 'yan uwanmu sun ɗauka bakin teku ba wurin mutumin kirki ba ne. A duba da kyau. Wanda ya kafa ƙofa riba yake nema, ribar kuma tana cikin giya da kiɗa mai fasa kunne da shagalin dare. Magidanci mai tabarma da kular shinkafa ba ya kawo masa komai. Shingen da aka ce zai tsare mutunci shi ya kori iyalai, ya bar fili ga masu sheƙe aya. Inda kakanni da jikoki suka cika wuri, kunya da kanta take tsaron gari.

Wasu manyan birane ba su bi wannan hanya ba. A Brazil tsarin mulkin 1988 ya sa gaɓar teku cikin dukiyar ƙasa, shi ya sa ɗan unguwar marasa galihu ke sauka gaɓar Copacabana ba tare da ya biya ko sisi ba. A Durban, gaɓar da aka keɓe wa fararen fata zalla har zuwa 1989, yau ranar sabuwar shekara ba masaka tsinke, kuma birnin ne ke zuba masu ceto da 'yan sanda. Wannan cunkoson shaidar 'yanci ne. Su launin fata ya raba su, mu aljihu ke raba mu.

Mu 'yan Arewa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Tunanin da ya cinye Bar Beach shi ne ya cinye burtali, ya cike kududdufan Kano aka yanka shaguna, ya mayar da filayen ƙwallon unguwa rukunin gidaje. Kakanninmu sun san akwai abin da ba a sa wa ƙofa: rijiyar gari, filin Idi, inuwar kasuwa.

Ban ce a rufe wuraren masu kuɗi ba. Mai son laima da kujera ya biya. Abin da nake nema shi ne gwamnatin Legas ta ware gaɓa mai faɗi, wadda motar haya ke kaiwa, da masu ceto da banɗaki da wurin alwala, ta rubuta a doka cewa ba mai karɓar ko kwabo a wurin. Birnin da teku ya kewaye, ya kuma ci arzikin teku ɗaruruwan shekaru, ba shi da hujjar da zai ba yaron nan da ya ji ƙarar ruwa aka juya da shi gida.