Somin-taɓin Metaphor da Rijiyar Kusugu

A watan Satumba na 2024 kamfanin Atlus na Japan ya saki somin-taɓin wasansa na bidiyo Metaphor: ReFantazio kyauta, kuma bai yi rowa ba, sa'o'i ne cur na farkon labarin. Zanen irin na katun ɗin Japan ne, manyan idanu da launi mai kama ido, hatta shafin zaɓen makami motsi yake yi. Faɗan kuwa bi da bi ake yinsa: sai ka tsaya ka yi lissafi, wa zai kai sara, wa zai yi wa ɗan'uwansa magani kafin dodo ya rama. Surutun farko ya yi yawa, gaskiya, ga cin data wajen saukewa. Amma labarin ya riƙe ni: an kashe sarki, ga yaro daga ƙabilar da aka raina ya shigo birni yana baƙo. Mutumin Daura ba ya buƙatar a yi masa bayanin baƙo mai takobi. Muna da Bayajidda da Daurama da macijin da ya hana ɗiban ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a, rijiyar tana nan har yau. Da irin wannan labari a hannunmu, abin yana min ciwo in leƙa gidan gem in tarar yaranmu ƙwallon Turai kaɗai suke bugawa.