Manhajar kyauta ma tana da kuɗin ruwa

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. A wani ofis da na yi aiki, wani ɗan bautar ƙasa ya ɗora mana Linux a babbar kwamfutar da ke riƙe da sunayen manoma da lambobin filayensu. Kowa ya yi murna, babu kuɗin lasisi. Yaro ya gama shekararsa ya tafi. Ana tsakiyar rajistar noman rani, na'urar ta tsaya cak. Manoma na zuwa suna komawa, mu kuma ba mu da wanda za mu kira, don babu wanda muka biya ya kula da ita.

Duk ɗan Kura ko Bunkure ya san wannan darasin. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, ruwa da kansa yake gangarowa Kadawa. Amma in an bar kanal babu yashewa, laka da kachala su toshe shi, mai gona a ƙarshen layi ya rasa ruwa, tumatir ɗinsa ya ƙone. Sai da aka ciwo bashin Bankin Duniya a shirin TRIMING aka yi babban gyara. Ashe kuɗin ruwan da muke ƙorafi a kai, kuɗin kula ne.

Haka Linux yake. Manhajar kyauta ce, amma toshe kafar ɓarayin intanet da gyaran gaggawa aiki ne na mutane. Kamfanin Red Hat wannan kulawar yake sayarwa, har IBM ta saye shi kan dala biliyan 34 a 2019. Masu dogaro da CentOS 7 kuwa, ranar 30 ga Yunin 2024 aka daina aiko musu da gyara.

Na san za a ce dala ta yi tsada. Gaskiya ne, kuma ba dole sai kamfanin waje ba. Muna da matasa a Kano da suka iya aikin. A ba su kwangila a rubuce: wa za a kira, cikin awa nawa zai zo, wa ke ajiye kwafin bayanai. A kuma sa kuɗin a kasafin kowace shekara.

Ranka ya daɗe darakta, banza ba ta kai zomo kasuwa. Allah ya sa mu gyara.