Hutun Maijego Bayan Fiɗa

 

A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya na Nijeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ba da sanarwa cewa za a riƙa yi wa mata marasa hali fiɗar haihuwa kyauta. Magana ce mai kyau, domin akwai matan da suka cika ana tsakiyar neman kuɗin aiki. Amma fa aikin likita bai cika wuce sa'a guda ba, kwanan asibiti kuwa uku ne ko huɗu. Sauran jinyar a gida take, can ne kuwa ake ɓata abin da aka gyara.

Likita yakan tsaga fata da kitse, ya buɗa tsokar ciki, sa'an nan ya yanka mahaifa kanta. Ɗinkin da ido ke gani shi ne ƙarami. Na ciki yana bukatar kamar mako shida, watau kwana 42, abin da ya yi kusa ƙwarai da arba'in ɗin da iyaye suka sani tun kaka da kakanni. Malaman Malikiyya ma sun kai iyakar jinin biƙi kwana 60, muddin yana zuba an ɗauke mata salla da azumi. To, wadda shari'a ta ɗauke wa ruku'u da sujada, ina dalilin a ɗora mata turmi da tulu?

Ga yadda abin ke faruwa. An sallamo mace ran huɗu, ran bakwai suna, gida ya cika maƙil. Ta wuni zaune tana amsa barka, ta tashi ta durƙusa wa dangin miji, dare ya yi jariri bai bar ta ta runtsa ba. Alhali raɗa suna da yankan rago ba su bukatar ko ɗaya daga wannan wahala. Har wa yau akwai gori, wanda ya fi wuƙar zafi: a ce raggo ce, ta kasa haihuwa da kanta. Sai ta miƙe ta kama daka da wanki don ta wanke kanta, ɗinki ya buɗe.

Wankan jego kuma abin dubawa ne. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da tsananin zafin wanka, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da gishirin kunun kanwa. Balle wadda ke da yanka a mara. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, a wanke wurin a hankali, a tsane shi, ba a fyaɗa masa ganye da tafasasshen ruwa.

Hutu ba ya nufin kwanciya kamar gawa. Lalle ta riƙa takawa kaɗan-kaɗan cikin gida, domin kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Sai dai kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi, kuma in ya yi barci ita ma ta yi. Wannan ba ya yiwuwa sai maigida ya samo mai girki da ɗibar ruwa, ko ya bar ta ta tafi gidan iyayenta, ya kuma yi haƙuri da wani cikin har kusan shekara biyu, saboda tabon mahaifa yana iya fashewa in aka yi gaggawa.

In aka ga zazzaɓi, ko mugunya da wari a ɗinki, ko jini mai yawa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi yana sarƙewa, a koma asibiti a ranar, ko da ranar suna ce.